Bayan Rufe Masaƙu: Koyo a Aikace da Renon Ɗalibi a Kudancin Kogin Kaduna

Batun da wannan lacca ta sa a gaba shi ne abin da masana tarbiyya ke kira koyo a aikace, wato tsarin da ake fitar da ɗalibin digirin farko daga aji na wani lokaci, a kai shi inda ake gudanar da sana'ar da yake karantawa, domin hannunsa ya taɓa abin da kunnensa ya ji, sannan ya dawo ya auna abin da ya gani da ma'aunin littafi. Akwai batutuwa biyu da ba sa rabuwa da wannan tsari. Na farko shi ne renon ɗalibi, wanda ke nufin wani gwani ya ja ɗalibi guda ko 'yan kaɗan a jikinsa, yana gyara musu kuskure yana buɗe musu hanya. Na biyu kuwa shi ne cuɗanyar fannoni, wato ɗaliban sassa dabam-dabam su taru a kan matsala ɗaya, kowa ya kawo abin da fanninsa ya koya masa. An zaɓi kudancin Kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera zuwa Barnawa da Nasarawa da Kudenda da Sabon Tasha, domin da wuya a sami wani yanki a Arewa da ya fi shi nuna yadda Nijeriya ta gina wannan tsari a kan manyan masana'antu, da kuma halin da tsarin ya shiga bayan masana'antun sun durƙushe. Hujjar da za a bi ita ce, ko da yake wuraren aiki sun ragu ƙwarai, abin da ya fi yin ƙaranci a yau shi ne mai riƙe hannun ɗalibi a wurin aikin.

Tarihin wannan yanki tarihin layin dogo ne da masana'anta. Tun kafin Gwamna Lugga ya mayar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, jirgin ƙasa ya riga ya tsallaka kogin, kuma tashar Kaduna Janshin, inda daga baya layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Legas zuwa Kano, a wannan ɓangare take. Saboda haka da Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi kafa masana'antu, sai ta nufi filayen Kakuri, inda ga ruwa ga jirgi, ga kuma audugar Funtuwa da Gusau da Zariya ba nisa. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, kuma ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a ƙasar. Masaƙar UNTL ta 'yan kasuwar Hongkong da masaƙar Arewa ta Japanawa suka biyo baya a shekarun 1960, aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin Peugeot, wanda jama'a ke kira Fijo, ya fara harhaɗa motoci a 1975, sannan a 1980 aka ƙaddamar da matatar mai da ke kan hanyar Kachiya, wadda ƙarfinta ya kai tace ganga 110,000 a rana. Makarantu ma sun bi sawun masana'antun, domin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda tushenta ke komawa ga makarantar koyon fasaha ta 1956, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962, kowacce ta kafa sashen nazarin saƙa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne inda ake sa ran ɗalibansu za su nufa.

A cikin wannan yanayi aka haifi tsarin da har yau ake tafiya a kansa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, da doka mai lamba 47 ta 1971, aka ɗora wa masu kamfanoni biyan wani kaso domin horar da ma'aikata, kason da a yau yake kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara. Ba a jima ba masu masana'antu suka fara kukan cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu sun haddace lissafin inji amma ba su taɓa kwance ko da noti ɗaya ba, don haka a 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai masana'antu, wanda a takarda ake kira SIWES, ɗalibai kuwa IT suke ce masa. A 1979 nauyin shirin ya koma kan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, wadda hedkwatarta ke nan Kaduna, sannan a 1984 aka mayar wa asusun da ragamarsa. A bisa tsarin, ɗalibin injiniya a jami'a kan yi wata shida a wurin aiki a shekararsa ta huɗu, na kwalejin fasaha kuma wata huɗu bayan shekarar farko ta difloma, ban da shekara guda da ake bukatar ya yi kafin ya koma babbar difloma.

Tunanin ba a Nijeriya ya faro ba. A 1906 wani malamin injiniya mai suna Herman Schneider ya shawo kan Jami'ar Sinsinati ta Amurka ta gwada raba ɗalibai biyu-biyu, ɗaya yana aji ɗaya yana ma'aikata, bayan mako guda su yi musanya. Abin da masu kwaikwayon wannan tsari suka fi mantawa shi ne, jami'ar ba ta tsaya ga tura ɗalibai ba, ta keɓe malamai waɗanda aikinsu shi ne zagaya ma'aikatun su ga abin da ɗalibin ke yi, sannan su tara ɗaliban su ɗaure abin da suka gani da darasin aji. Masanin falsafar ilimi John Dewey ya ƙarfafa wannan ma'ana a littafinsa na 1938 a kan gogewa da ilimi, inda ya nuna cewa ba kowace gogewa ce ke ilmantarwa ba, akwai ma wadda ke dakushe mutum ta koya masa mugun hali. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne, sai dai mai gani yana bukatar wanda zai nuna masa inda zai duba.

Yana da kyau a tsaya a kan abin da ɗalibi ke samu a masaƙa lokacin da take aiki, domin daga nan ne za a gane girman abin da aka rasa. Auduga takan shigo a dunƙule cikin manyan ɗauri, a warware ta, a tace datti, a taje ta, a kaɗa ta zama zare, a saƙa ta zama akoko, sannan a wanke, a rina, a buga mata zanen atamfa, kuma ɗalibin da aka zagaya da shi waɗannan sassa ya ga ilimin inji da na lantarki da na haɗa sinadarai da na zane da na lissafin kuɗi duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba tare da wani ya ambata masa kalmar cuɗanyar fannoni ba. A ɗakin saƙa, inda ƙarar injuna ba ta barin a ji magana sai dai a yi nuni da hannu, yakan ga cewa da zarar hunturu ya busa iska ta bushe, zare sai ya riƙa tsinkewa, sai an ƙara wa iskar ɗakin laima kafin aiki ya daidaita. Abin da ya karanta a kan laimar iska a matsayin lamba cikin jadawali, ga shi ya zama yadi ɗari da aka yi asara kafin a tashi aiki. Mafi muhimmanci, akwai tsohon fomanin da ya shekara ashirin a kan waɗannan injuna, wanda daga sautin ƙoshiya yake gane wadda ta fara ciwo, kuma dokar kamfani ta ɗora masa alhakin yaron da aka ba shi. Masaƙa ita ce ta samar da mai reno, jami'a ba ta sha wahalar nemansa ba, kuma da alama shi ya sa ba ta taɓa lissafa shi cikin abubuwan da tsarin ke tsaye a kansu ba.

Dalilan durƙushewar masaƙun sanannu ne. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira har kayan gyaran injuna suka gagara saye, a shekarar ce kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, noman auduga ya rasa mai tsaya masa. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi tsada, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, atamfar waje ta cika kasuwa ta halal da ta fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, kuma ko da ta sake buɗewa daga baya ba ta koma yadda take ba, matatar mai kuwa ta shafe shekaru ba ta aiki. Ba a ce komai ya mutu ba, domin DICON na nan, an buɗe tashar sauke kaya ta tudu a Kakuri a 2018, kamfanin Olam ya kafa ma'aikatar abincin kaji a kan hanyar Abuja a 2017, aka kuma fara harhaɗa motocin Peugeot a sabuwar ma'aikata a kan wannan hanya a 2022. Amma masana'antar zamani ma'aikata kaɗan take ɗauka, alhali ɗalibai sun ninka, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ga jami'o'i masu zaman kansu, ga kuma waɗanda ke karatu a wasu jihohi suna dawowa gida neman gurbi domin ba su da halin kama ɗaki a wani gari.

Sakamakon yana bayyana a littafin rubuta aikin yau da kullum, wanda ɗalibai ke kira logbuk. Kowane mako yana da shafinsa, an jera kwanaki daga Litinin, a gaban kowace rana akwai gurbin bayyana aikin da aka yi, akwai wurin zanen na'ura ko tsarin aiki, a ƙasa kuma wurin da mai kula da ɗalibi a ma'aikata zai yi sharhi ya sa hannu, sannan malamin da makaranta ta turo ya sa nasa idan ya kawo ziyara. Tsari ne mai kyau a takarda. Sai dai duk wanda ya saba duba waɗannan littattafai ya san alamomin wanda aka cika shi a zama ɗaya: tawada iri ɗaya tun daga makon farko har na ashirin da huɗu, shafuka fes babu ɗigon baƙin mai ko ƙura, zane kuma an kwafo shi daga intanet, sharhin mai kula kuwa kalma ɗaya ce ake ta maimaitawa. Wani ɗalibin ya yi yawo da takardar neman gurbi har takalminsa ya suɗe kafin wani ofis ya tausaya masa ya karɓe shi, ya ƙare da ɗaukar fayil da sayo abinci. Wani kuwa ko zuwa bai yi ba, hatimi kawai ya nema. Alawus ɗin da aka tanada, wanda ya daɗe a kan naira 2,500 a wata, bai isa kuɗin motar mako guda daga Sabon Tasha zuwa cikin gari ba, malamin da aka ba ɗalibai da yawa a garuruwa dabam-dabam kuma da ƙyar yake leƙa kowannensu sau ɗaya. Ɗora laifin a kan lalacin ɗalibai shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi rashin amfani, domin yaron da aka koya masa cewa sa hannu ake nema ba aiki ba, ya koyi darasin da aka ba shi ne daidai.

Abin mamaki shi ne, ƙasar da jami'a ta kasa samar da mai reno ƙasa ce da renon ɗalibi ya daɗe da kafuwa a cikinta. A makarantar zaure, ɗalibi kan zauna gaban malam da littafinsa, ko Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya karanta malam ya fassara ya gyara, kowa da inda ya tsaya, ba a jiran wani kuma ba a jan wani. Wanda ya yi nisa sai a ce ya lazimci malam wane, wato ya zauna tare da shi yana ganin yadda yake amsa fatawa da yadda yake sasanta masu husuma, har ranar da za a ba shi ijaza, wadda shaida ce ta mutum a kan mutum. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lazimci Malam Jibril ɗan Umar har ya bi shi Agadas, ƙaninsa Abdullahi kuwa da ya tashi ba da tarihin karatunsa a littafin Ida'un Nusukhi, sunayen malamansa ya jera da abin da ya ɗauka a wurin kowanne. Haka abin yake a maƙera da marina da majema, kuma ba laifi a tuna cewa unguwar da ke maƙwabtaka da Kakuri sunanta Makera.

Wannan tsari bai mutu ba, yana nan a kowane gareji da shagon walda da ke gefen hanyar Kachiya. Yaron da aka kawo wa bakanike kan fara ne da wanke sassan inji a cikin kwanon fetur da miƙa sifana, har ya san lamba goma daga lamba sha biyu ba tare da ya duba ba. Bayan wani lokaci a bar shi ya kwance taya ya canja birki, sai ya yi shekaru kafin oga ya yarda ya buɗe inji shi kaɗai, kuma ko a lokacin oga yana kusa, yana sauraron ƙarar da kunne ɗaya yana ciniki da ɗayan. Matakai ne a jere, kowanne da gwajinsa, kuma ba a yaye yaro sai an tabbatar ba zai zubar da mutuncin wanda ya koya masa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta gane darajar wannan a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, lokacin da ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Panteka domin a horar da su a kuma ba su takardar shaidar ƙwarewa bisa abin da suka riga suka iya. Abin da ya rage shi ne a juya alaƙar ta ɗaya fuskar, a amince da ƙwararrun cikinsu a matsayin masu kula da ɗalibai, a rubuta sunayensu, a koya musu abin da ake so ɗalibi ya fita da shi, a kuma biya su.

Akwai masu ja da wannan, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Bakanike ya san yadda ake yi, amma sau da yawa bai san dalili ba, har ma yakan riƙe kuskure ya gadar wa yaransa, kamar cire na'urar daidaita zafin inji da sunan wai ƙasar zafi ba ta bukatarta; gareji ba shi da kayan kariya; wani ogan kan mayar da yaro bawa; ɗaliba mace kuma tana bukatar tabbacin mutuncinta kafin a tura ta ko'ina. Amsar duk wannan ita ce reno ya zama na mutum biyu, gwanin hannu a wurin aiki da malamin jami'a da ke zama da ɗaliban kowane mako ko biyu yana tambayarsu abin da suka gani da dalilinsa. A irin wannan zama ne kuskuren bakanike ke zama darasi, domin ɗalibin da aka sa ya auna zafin inji da shan mai kafin cire na'urar da bayan cire ta ya yi bincike na gaske, kuma yana da abin da zai mayar wa ogansa cikin ladabi.

Nan ne maganar ta dawo cikin jami'a, inda reno ya fi rauni. Kusan kowane sashe yana da malamin da aka naɗa mai ba ɗaliban aji shawara, amma aikinsa ya taƙaita ga sa hannu a takardar rajistar darussa, kuma ɗalibi ba ya zama kusa da malami sai a shekarar ƙarshe, lokacin rubuta kundin bincike, sa'ad da malami ɗaya ke riƙe da ɗalibai fiye da yadda zai iya karanta aikinsu. Cibiyar Fasaha ta Masacuset, wato MIT, ta ɗauki wata hanya tun 1969, lokacin da Margaret MacVicar ta kafa shirin da ke ba ɗalibin digirin farko damar shiga binciken malami tun daga shekararsa ta farko, a ba shi maki ko a biya shi. Ba a bukatar dukiyar Amurka kafin a kwaikwayi ruhin wannan shiri, amma ana bukatar gyara ma'aunin ƙarin girma, domin muddin takardun da malami ya wallafa ne kusan kaɗai ake ƙirgawa, to duk sa'ar da ya ɓata a kan ɗalibi sadaka ce ya yi daga aljihunsa, kuma ba a gina tsari a kan sadaka. Ɗaliban digiri na biyu da na uku ma za su iya riƙe ƙananan ƙungiyoyi, haka tsofaffin injiniyoyi da fomanonin masaƙu da ke zaune a Kakuri da Nasarawa, waɗanda ilimin da ke kansu ke tafiya kabari ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rubuta ba.

Game da cuɗanyar fannoni, jami'o'in Nijeriya sun daɗe suna ganin sun sauke nauyi da darussan bai-ɗaya, inda ake tara ɗaruruwan ɗalibai a babban zaure a karanta musu falsafa ko zaman lafiya ko dabarun kasuwanci, su yi jarrabawar zaɓi-ɗaya su manta. Zama a zaure ɗaya ba cuɗanya ba ce. Misali mafi kusa na cuɗanya ta gaske yana Zariya, inda sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Michael Etherton ya jagoranci kafuwarsa a tsakiyar shekarun 1970, ya riƙa tura ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka su zauna da jama'a, su ji damuwarsu a kan taki ko ruwa ko asibiti, su mayar da ita wasa, su nuna a dandali, sannan a tattauna. Wasan Manoma da aka yi a Soba a 1977 daga wannan aiki ya fito, kuma malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun ci gaba da shi. Ɗalibin da ya shiga wannan aiki dole ya koyi wani abu na noma da tattalin arziki da lafiya, saboda manomi ba ya raba damuwarsa tsangaya-tsangaya.

Kudancin kogin yana da irin wannan matsala da ke jiran masu nazari, kuma ita ce kogin kansa. Magudanan Kakuri da Makera sun shekara da shekaru suna kwarara dagwalon masana'antu da na gidaje zuwa cikinsa, a gaɓarsa masu lambu na ban-ruwa da rani suna kai alayyafo da latas kasuwa, masunta na kama kifi, masu yashi na haƙa, sannan da damina ruwa kan yi ambaliya ya shiga gidajen da aka gina a kan hanyarsa, kamar yadda aka gani a 2003 da 2012. Idan aka haɗa ƙungiyar ɗalibai takwas ko goma aka ba su tsawon magudana guda, mai karanta ilimin sinadarai zai ɗebi ruwa da laka ya auna dalma da sauran ƙarafa masu guba, mai safiyo ya zana taswirar inda ruwa ke kaiwa, injiniya ya lissafa ko faɗin kwalbati ya isa, mai nazarin lafiyar al'umma ya duba abin da ke kawo mutane asibitin unguwa, mai nazarin zamantakewa ya gano dalilin da ya sa talaka ke gini a bakin ruwa alhali ya san haɗarin, mai karanta shari'a ya bi dokokin muhalli ya ga wanda alhakin ke kansa, mai karanta Hausa ko aikin jarida kuma ya mayar da sakamakon zuwa harshen da mai lambu zai ji. Kowannensu zai gano iyakar fanninsa a ranar da ya bukaci amsar da ke hannun ɗan'uwansa. Kwalejin Nazarin Muhalli ta Barnawa, wadda ke koyar da safiyo da tsara birane da zanen gine-gine, tana kusa da kogin, kuma birnin yana da abin dogaro a tsarin da Max Lock da abokan aikinsa suka wallafa a 1967, wanda za a iya ɗora taswirarsa a kan ta yau a ga inda aka kauce. Kangon masaƙun ma fagen nazari ne ga masu tarihi da tattalin arziki, domin 'yan Suwidin biyu, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi sukutum a kan ƙungiyar ma'aikatan saƙa ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Kaduna, alhali jikokin waɗannan ma'aikata na rubuta kundin digiri a kan batutuwan da suka kwafo daga kundin bara.

Akwai wata fa'ida da ba a rubuta ta a manhaja. Tun bayan rikicin addini na 2000 da na 2002, kogin ya zama kamar iyaka, Musulmi suka fi taruwa a arewacinsa, Kiristoci a kudancinsa, har aka sami matasan da suka girma ba su da aboki ko ɗaya a ɗaya gaɓar. Ɗalibin Tudun Wada a arewa da ɗalibar Narayi a kudu da suka yi wata shida suna ɗibar ruwa a magudana ɗaya, suna gaida mai unguwa ɗaya, sun koyi abin da darasin zaman lafiya na babban zaure bai iya koya musu ba. Matsalar tsaro ma, wadda sace ɗaliban Jami'ar Greenfield a watan Afrilun 2021 ya nuna muninta, ta sa fita da ɗalibai zuwa ƙauyukan nesa ya yi wuya, wanda ya ƙara wa aikin cikin gari muhimmanci.

Ƙofar doka a buɗe take. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a watan Disamban 2022 ta tsayar da kashi 70 cikin 100 na darussa ga kowa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara bisa bukatun yankinta, kuma babu abin da ya hana a ware wani ɓangare na wannan kaso ga darasin fili da sassa da dama za su mallaka tare. Wahalar tana cikin ƙananan abubuwa da manyan taruka ba sa kula da su: wane sashe ne zai ɗauki makin, wa zai sayi sinadaran gwaji, wa zai biya kuɗin mota da inshorar ɗalibin da ya ji rauni, da kuma yadda za a auna aikin ƙungiya ba tare da rago ya ɓuya a bayan mai himma ba, wanda maganinsa shi ne a tsayar da kowane ɗalibi ya kare nasa ɓangaren da baki a gaban malami da mai kula da shi na wurin aiki. Sai kuma batun kalanda. Ruwan magudana a watan Maris, lokacin da ya ƙafe ya yi kauri, ba ɗaya yake da na watan Agusta ba, saboda haka awon ba zai yi ma'ana ba sai rukuni ɗaya ya riƙe rani wani ya riƙe damina, kowanne ya miƙa wa na bayansa littafin awo da wuraren da aka kafa alama, kuma dole a ajiye wannan littafi a hannun wani ma'aikacin ɗakin gwaji na dindindin, domin yajin aikin malaman jami'a irin na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, yana iya cinye damina guda ɗungum ba a ɗebi ko kwalba ɗaya ba.